Tankina yana kwana cike, ya wayi gari ya rage, kuma babu inda ruwa ya kwanta

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku taimaka mini, abin ya isa. Tankinmu na sama lita 2,000 ne. Da daddare ake cika shi, kowa ya kwanta, babu mai taɓa famfo, amma kafin asuba kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Sati uku ke nan. Na kira wani mai gyaran famfo, ya ga danshi a jikin bangon banɗaki, ya ce a nan ne. Ya fasa tayil, babu komai. Ya matsa gaba ya fasa, babu. Jiya ya fasa wuri na uku, yau kuma ya ce zai dawo ya fasa tsakar gida. Na ce masa ya dakata tukuna. Ni dai yanzu gida ya koma kamar inda gafiya ta yi wasa, ruwa kuma yana nan yana tafiya.

Tsohon Fulamba: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin kyauta da kika tsayar da shi. Kada ki bari a ƙara ɗaga guduma a gidan nan sai an amsa tambaya ɗaya: ta wane layi ruwan yake fita? Yau da daddare, in an cika tanki, a hau a rufe makullin da ke gindinsa, wanda ke sako ruwa cikin gida. A sa alli ko tef a yi alama daidai inda ruwa ya tsaya. Da safe a duba. In ya ragu, to matsalar a tankin take, ko a bututun da ke kawo masa ruwa, domin wani lokaci bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ne yake lalacewa, ruwan ya riƙa sulalewa ya koma inda ya fito. In bai ragu ba, sai mu sauko ƙasa.

Ɗan Autan Zaure: Anti, kin tabbata ba maƙwabta ne suka ja layi ba? 😂

Maman Tagwaye: Auta ka kiyaye ni, ba ni da ƙarfin dariya yau.

Injiniyan Ruwa: Ku bar Auta, tambayarsa ba ta banza ba ce, a manyan layuka satar ruwa babban kaso ce ta abin da ke ɓacewa. Amma Hajiya bari mu yi ɗan lissafi don ki san girman abin da kike nema. Lita 500 a cikin awa 8, kusan lita ɗaya ke nan a kowane minti. In tankin yana saman ƙarfe mai tsawon mita 5, ƙarfin da ke tura ruwan rabin "ba" ne kawai ("ba", wato bar, shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), domin kowace mita 10 ta tsayi ita ke ba da "ba" ɗaya. Da irin wannan ƙarfi, hudar da za ta zubar da lita ɗaya a minti ba ta wuce milimita 2 ba. Kamar kan ashana. Wannan shi ake nema a cikin bututun da ya zagaye gida gaba ɗaya, a ƙarƙashin siminti, da guduma. Kin ga ai sai an rushe gidan.

Malama Mai Lissafi: Kafin ma a je ƙarƙashin ƙasa, a duba tankunan bayan gida. Ni abin da ya same ni ke nan. Robar da ke toshe ƙasan ƙaramin tankin ta tsufa, ruwa na gangarawa siriri cikin kwanon masai dare da rana, ba ƙara, ba jiƙa ƙasa, kai tsaye yake wucewa rami. Yadda na gane: na ɗiga kala a cikin tankin, ban ja ba, na jira minti goma sha biyar, sai ga ruwan kwanon ya canja launi. In babu kala, a goge bayan kwanon ya bushe, a manna takardar goge hannu, in ta jiƙe an kama ɓarawo.

Maman Tagwaye: Na gode ƙwarai. Zan yi duka biyun yau, gobe in Allah ya kai mu zan kawo bayani.

Kawu Na Gefe: Duk wannan wahala ta mece ce? A samo waya biyu ta ƙarfe, a lanƙwasa kowace, mutum ya riƙe a hannu yana tafiya a hankali. Inda ruwa yake a ƙasa, wayoyin da kansu za su haɗe. Da idona na ga an yi, aka tona, sai ga ruwa.

Injiniyan Ruwa: Kawu, da girmanka, wannan ba hanya ba ce. An sha gwada masu wayar nan a wurare da dama, a binne bututu ba tare da sun gani ba, a sa ruwa a wani a bar wani a bushe, sakamakonsu ba ya wuce na mai canki-canki. Hannun mutum ne ke motsa wayar ba tare da ya sani ba. In ya dace, yawanci idonsa ne ya riga ya ga inda ƙasa ta lotsa ko inda ciyawa ta fi kore.

Kawu Na Gefe: To ni gani na yi, ba labari aka ba ni ba. Gani ya kori ji.

Tsohon Fulamba: Kawu a sana'armu ta neman yoyo, ji ne ya kori gani. Abin da ido ya gani shi ne ya sa aka farfasa wa baiwar Allah gida sau uku. Ruwa ba ya fitowa a inda bututu ya huje sai an yi sa'a. Lokacin da aka haƙa rami aka shimfiɗa bututu, ƙasar da aka mayar ba ta kai ta gefenta tauri ba, wani lokaci ma yashi ake zubawa. To ruwa wannan laushin yake bi, ya yi ta gangara a jikin bututun har sai ya sami mafita. Na taɓa tona inda ruwa ke ɓuɓɓugowa, ashe hudar tana can taku goma sha biyar sama da wurin. In kuma ya ci karo da magudanar ruwa ko ramin masai a hanya, shi ke nan, har abada ba za ka ga ko ɗigo a sama ba.

Maman Tagwaye: Barkanmu da safiya. Ga sakamako. An rufe makullin gindin tanki, ruwa bai motsa daga alamar ba ko kaɗan. Bayan gida uku ne, na sa kala a duka. Ɗaya, na ɗakin yara, ya nuna launi kaɗan bayan kusan minti ashirin. Sauran biyu lafiya. Wato shi ke nan an gano?

Malama Mai Lissafi: Kin gani ko! Na faɗa.

Injiniyan Ruwa: Malama a yi haƙuri, an kama ƙaramin ɓarawo ne, ban yarda shi ne babban ba. Yoyon da sai ya yi minti ashirin kafin ya nuna launi kaɗan da wuya ya kai lita ɗaya a minti. Hajiya kada ki yarda da ni ko da Malama, ki gwada. Ki rufe ɗan makullin da ke bayan wannan masai ɗin yau da daddare, ki bar na gindin tanki a buɗe, ki sake yin alama. In kin san faɗin tankin ma za ki iya mayar da santimita zuwa lita: tanki zagayayye mai faɗin mita ɗaya, kowace santimita ɗaya da ruwa ya sauka kusan lita 8 ce.

Ɗan Autan Zaure: Mita ta awo, mita ta ruwa, ga kuma mitar Anti a kan mai gyara. Mita uku a zaure ɗaya.

Shugaban Zaure: Auta, gargaɗi na farko. Amma ya tuna mini: masu ruwan hukuma da ke da mita a ƙofa, gwajin ya fi muku sauƙi. A rufe kowane famfo, a je a kalli ɗan ƙaramin tauraro ko allurar da ke fuskar mitar. In tana juyawa alhali babu mai ɗibar ruwa, akwai yoyo a ɓangarenku. In tana tafiya a hankali har ido ba ya kamawa, a ɗauki hoton lambobin, a dawo bayan awa biyu. Sai dai a yi gwajin lokacin da ruwa ya daɗe da zuwa, saboda iskar da ke gaba idan an sako ruwa ita ma tana juya mita.

Injiniyan Ruwa: Tunda Shugaba ya kawo maganar, abin da muke sa Hajiya take yi a gidanta shi ne ainihin abin da ake yi wa gari sukutum, girma ne kawai ya bambanta. Ana yanka gari gunduwa-gunduwa, kowace unguwa a rufe duk hanyoyin shigar ruwa a bar ɗaya ko biyu, a sa musu mita. A Ingila aka fara ɗabbaƙa wannan tsari a farkon shekarun 1980. Sai a duba abin da ke shiga tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na dare, lokacin da mutane ke barci. Ruwan da ke tafiya a wannan lokaci, mafi yawansa ƙasa ce ke sha. Daga nan a bi layi-layi ana rufe bawul ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗaya na tsaye a kan mita. Layin da aka rufe aka ga lamba ta faɗi warwas, nan ne. Sai a lokacin ake ɗauko kayan sauraro. Wanda ya fara da na'ura kafin ya ƙuntata wuri, zai kwana yana yawo a titi.

Kuma abin da mutane ba su cika ganewa ba, bututun da ya fashe ya cika titi, kowa na ɗaukar hoto, ba shi ne ke cinye ruwa ba. Wannan kwana ɗaya ko biyu an gyara. Wanda ke kashe mu shi ne ɗan ƙaramin da ba wanda ya gani. Huda mai milimita 3 a layin da ke da ƙarfin ba 3 tana zubar da kusan lita 9,000 a rana. A bar ta shekara guda, an haura lita miliyan uku. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ruwan da ke yoyewa daga bututun birane a duniya ya kai kubik mita biliyan 32 a shekara, kuma kowace kubik mita lita 1,000 ce.

Baban Khalifa: Injiniya duk mun ji, amma wannan zancen ƙasashen da suka ci gaba ne. Inda babu kuɗi babu kayan aiki, sai dai a jira ruwa ya fito titi.

Injiniyan Ruwa: Ban yarda ba, Alhaji. Birnin Phnom Penh na ƙasar Kambodiya, bayan yaƙi ya ɗaiɗaita su, a 1993 kashi 72 cikin ɗari na ruwansu ba ya kawo ko sisi, ko ya zube ko an sace. Cikin kimanin shekara goma sha biyar suka sauko da shi ƙasa da kashi 10, a ƙarƙashin shugaban hukumarsu Ek Sonn Chan. Da me? Sa mita ga kowa, canja tsofaffin bututu, 'yan gyara masu jiran kira dare da rana, da hukunta ma'aikacin da ya haɗa baki aka ja layin sata. Tokyo ma da ake misali da ita, yau yoyonta wajen kashi 3 ne, amma bayan yaƙin duniya na biyu kusan kashi 80 ne. Kuma har yanzu ma'aikatansu na fita da daddare da sandar sauraro.

Baban Khalifa: To na ji wannan. Amma ka amsa mini: layin da ruwa ke zuwa awa huɗu ya ɗauke kwana biyu, wane dare za ka auna? Da ya zo kowa ya buɗe famfo yana cika tanki, ko ƙarfe uku na dare ne.

Injiniyan Ruwa: A nan kam ka kama ni, wannan ita ce babbar matsala kuma ba zan ɓoye ba. Awon dare yana aiki ne inda ruwa ke tsaye a bututu awa 24. Inda ake ba da shi guntu-guntu, dole a ware yanki, a rufe makullin gidaje, a tura ruwa da tankar mota ko a ba yankin ruwa kwana biyu a jere har tankunan mutane su cika, sannan a auna. Wahala ce, amma ana yi. Kuma a irin wannan layi yoyo ya fi haɗari. Idan ruwa ya ɗauke, bututu kan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan hudar. In kusa da kwata ya bi, ruwan kwata ne zai shiga, a turo muku shi gobe.

Tsohon Fulamba: Ni dai a bar ni da sandata. Ƙarfe ne dogo da katako a kai, ka ɗora bakinsa a kan bawul ko gindin famfo, ka manna kunne. Babu ma sanda, doguwar sukundireba ta isa. Yoyo yana da kuka, wani siiii mara yankewa, kamar mai hura iska ta tsakanin haƙora. Famfon da ake ɗiba yana tsayawa ya ci gaba, shi wannan ba ya numfashi. Ka bi famfo ɗaya bayan ɗaya, inda kukan ya fi ƙarfi kana kusa. Shekarata talatin da wani abu a aikin nan, yaran yanzu da akwatunansu masu allo sun sha nuna wuri a tona a tarar da busasshiyar ƙasa.

Injiniyan Ruwa: Baba ba na raina kunnenka, amma bari in kare akwatin. Yadda yake aiki: ana manna na'urar ji guda biyu a kan bututu, ɗaya nan ɗaya can, yoyon na tsakaninsu. Ƙarar za ta riga isa ga wadda ta fi kusa. Akwatin na auna wannan ɗan bambancin lokaci. Misali tazara mita 100, bututun ƙarfe, sauti na gudu a cikinsa wajen mita 1,200 a daƙiƙa. In bambancin kashi 2 cikin ɗari na daƙiƙa ne, wato mita 24, a cire daga 100 saura 76, a raba biyu, yoyo na mita 38 daga na'urar kusa. Lissafin ba ya ƙarya. Wanda ke ƙarya shi ne abin da aka faɗa masa. A bututun roba sauti na tafiya a hankali, wajen mita 400 a daƙiƙa ko ƙasa da haka. In bututun roba ne ka ce masa ƙarfe ne, a wannan misalin zai aika ka mita 14 maimakon 38. Haka in ka ce tazara 100 ce alhali bututun ya yi kwana a ƙasa ba ka sani ba.

Tsohon Fulamba: Yawwa, ka faɗa da bakinka. Wa ya san inda bututu ya yi kwana? Wanda ya binne shi. Shi kuma ko ya rasu ko ya manta, taswira babu.

Injiniyan Ruwa: Gaskiya ne. Amma Baba kai ma ka faɗa da naka bakin: sandarka nawa take ji a bututun roba?

Tsohon Fulamba: Hmm. Roba kam munafuka ce. Ƙarfe yana kai maka gulma daga nesa, ita roba haɗiye maganar take yi. Taku kaɗan ka daina ji. Balle gidan Hajiya da ƙarfin ruwan rabin ba ne, kukan ba zai fito ba. Kuma abin mamaki, babbar ɓaraka ta fi ƙaramar huda shiru, domin ruwan ya riga ya yi tafki a kewaye da ita, cikin ruwa yake zuba.

Malama Mai Lissafi: To in kunne bai ji ba, akwati bai ji ba, sai me?

Injiniyan Ruwa: Sai hanci. Ana zuƙe ruwan layin a tura gas, haɗin haidurojin kashi 5 da naitirojin kashi 95, wanda a wannan haɗin ba ya kama wuta. Haidurojin ya fi kowace iska sauƙi, yana fita ta hudar ya ratso ƙasa har siminti ya taso, a bi da na'urar shinshina. Akwai kyamarar zafi, ta fi amfani a layin ruwan zafi. A manyan bututu har ƙwallo mai makirufo ake jefawa ruwa ya tafi da ita tana naɗar sauti, a tare ta a gaba. Har da tauraron ɗan'adam ake leƙo danshin ƙasa, amma shi unguwa yake nunawa, ba inda za a sa diga ba.

Maman Tagwaye: Jama'a ku sauko daga tauraron ɗan'adam ku dawo gidana. 😩 Na rufe na ɗakin yara kamar yadda Injiniya ya ce. Tankin ya sauka kusan yadda ya saba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Malama, ɓarawonki yaro ne.

Malama Mai Lissafi: Na karɓi kaye. Amma dai a canja robar.

Tsohon Fulamba: Madalla. Yanzu Hajiya, daga gindin tanki layi nawa ya rabu?

Maman Tagwaye: Maigida ya ce uku. Ɗaya kicin, ɗaya banɗakuna, ɗaya kuma ya bi ta ƙasa zuwa famfon waje da ke bayan gida. Amma duka makulli ɗaya ne.

Tsohon Fulamba: Wannan shi ne laifin da aka yi tun ranar gini. Ki sa a yanka kowane layi a sa masa makullinsa, aikin awa ɗaya ne, kuma zai amfane ku har gaba. Sai a rufe biyu a bar ɗaya, a kalli tanki. In mai gyaran yana da famfon gwaji na hannu mai geji, wato agogon da allurarsa ke nuna ƙarfin ruwa, ba sai an kwana uku ba: ya toshe layin, ya fitar da iska, ya tura ruwa har allura ta hau, a zuba ido. Layin da allurarsa ke zamewa ba tsayawa, shi ne. Roba takan ɗan buɗe da farko allura ta sauka kaɗan ta tsaya, wannan ba yoyo ba ne. Kuma ƙarin ƙarfin zai sa hudar ta yi kukan da kunne zai ji. Abu ɗaya: kada ya kuskura ya sa injin iska a farin bututun roba mai tauri. Ruwa in ya fasa tsartuwa yake yi, iska kuwa tarwatsa shi take yi kamar kwalba.

Kawu Na Gefe: Da an bi shawarata da tuni an gama.

Maman Tagwaye: Alhamdu lillahi, an samu! Wani mai gyaran na kira daban, na karanta masa abin da Baba ya rubuta. Layin famfon waje ne. Da ya tura ruwa allurar ko minti biyu ba ta yi ba ta faɗi. Ya sa yaronsa ya ci gaba da bugawa, shi kuma ya bi layin da sukundireba a kunne, ya sa muka kashe injin wuta, har yara na kora cikin ɗaki. Ya tsaya a kusa da inda maigida ke ajiye mota, ya ce in zo in ji. Wallahi na ji, siriri kamar kukan sauro. Rami ɗaya ya tona, bai kai tsawon hannu ba. Gwiwar da bututun ya yi kwana ce ta tsage, tsagar kamar an ja reza. Bututun ko taƙi biyu bai kai zurfi ba, tayar mota kullum a kansa. Ƙasan wurin ya zama kogo, ruwan ya yi wa kansa hanya ta ƙarƙashin daɓe ya faɗa ramin ruwan wanka. Daga nan zuwa bangon da aka fara fasawa ya fi taku ashirin.

Baban Khalifa: To danshin bangon banɗakin fa, daga ina?

Maman Tagwaye: Ya ce simintin tsakanin tayil ne ya zaizaye, ruwan wanka ke shiga. Babu ruwansa da bututu ko kaɗan.

Injiniyan Ruwa: Barka Hajiya. Kada a rufe ramin yau. A sake yin alama a tanki a kwana, domin in an toshe babba ƙarfin ruwa na ƙaruwa, wani ƙarami da ke ɓoye ya fito. Kuma a cika kogon nan da kyau a daddanna, a zurfafa bututun ko a zura shi cikin wani mai kauri, in ba haka ba motar za ta sake. Ki ɗauki hoton layin da tef ɗin awo daga bango kafin a binne.

Tsohon Fulamba: Injiniya, a rubuta a ajiye: sukundireba ce ta gano.

Injiniyan Ruwa: Bayan geji ya nuna mata layin, Baba.

Kawu Na Gefe: Ni da za ku ba ni dama in zo da wayoyina kafin a binne, ku ga ko ba za su haɗe a wurin ba.

Ɗan Autan Zaure: Kawu, ramin a buɗe yake, ko ni na riƙe cokali biyu za su haɗe.

Maman Tagwaye: An kwana, ruwa na kan alama. Yanzu wa ya san yadda ake samun tayil irin na da? Na farkon ya fasa mini goma sha ɗaya, kuma ya turo saƙo wai yana jiran cikon kuɗin aikinsa.